Renon Ɗa Bayan Saki a Gure: Haƙƙin Wane Ne?

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mutanen Gure ke bi, suna kiran riƙon yaro da tarbiyyarsa bayan mutuwar aure da suna halana, kuma Risalar Ibn Abi Zaid ta bar wannan haƙƙi a hannun uwa har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan miji, yayin da ciyarwa da tufatarwa ke kan uba. Idan uwar ta sake aure, reno yakan koma ga kakar yaron ta wajen uwa kafin a waiwayi dangin uba. Al'adar ƙasar Muniyo, inda Gure take, kamar ta sauran yankin Damagaram, ta saɓa wa wannan, domin uba yakan karɓi ɗansa da zarar ya kai wajen shekara 7, jama'a kuma na ɗaukar hakan addini ne.

Da yake yunƙurin kafa dokar iyali a Nijar ya ci tura a 2011, alƙalin kotu yana hukunci ne bisa al'adar masu ƙara, tare da masu ba shi shawara kan al'ada, bayan sulhun sarki ko liman ya gagara. Fiƙihu ya halatta wakilci, wato naɗa wani ya yi jayayya a madadin mutum, sai dai yawancin lauyoyi suna Yamai, matar da aka saka kuwa da ƙyar take haɗa kuɗin mota. Shi yaron, wanda wasu malamai ke ganin reno haƙƙinsa ne kafin na iyayensa, ba safai ake jin ta bakinsa ba.