Wace Birnin Da Ake Nufin Rayawa?

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, in an ce za a raya tsohon gari, ina ganin tambayar farko ita ce, tsohon gari na wane zamani? Don gari ɗaya yakan sha zamani da yawa, kuma kowane zamani da masu kewarsa.

Mu ɗauki Barlin. A tsakiyarta akwai fadar sarakunan Jamus na da, wadda yaƙi ya lalata a 1945. Maimakon gyara, gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas ta sa nakiya ta rushe ta a 1950, wai alamar mulkin danniya ce. A filin ta gina Fadar Jamhuriya, aka buɗe a 1976. Da gurguzu ya faɗi, ƙasa ta haɗe a 1990, sai reshe ya juye da mujiya. Aka rufe ginin saboda asbestos da ke cikinsa, mai cutar huhu, aka rushe shi tsakanin 2006 da 2008, aka sake gina kamannin fadar sarakuna, jama'a suka fara shiga a 2021.

Masu wannan aiki suna da hujja: an yi wa birni ɓarna, sun mayar masa da fuskarsa. Ni dai ban gamsu ba. Ginin da suka kawar ba majalisa kaɗai ba ne. Akwai wuraren cin abinci da na wasanni, inda talakawa suka yi bukukuwansu. Kuma a cikinsa ne, ran 23 ga Agusta 1990, wakilan Gabas suka zaɓi haɗewa da Yamma. Watau an rushe har ɗakin da aka yi wa gurguzu jana'iza! Wanda ya yi ƙuruciyarsa a can, me zai nuna wa jikansa? Abin da aka zargi 'yan gurguzu da shi a 1950, shi aka maimaita, sai dai wannan karon da ƙuri'ar majalisa.

Mutanen Diresdin sun fi burge ni. Babbar majami'arsu ta rushe a 1945, kangonta ya zauna duk zamanin gurguzu. Da suka sake gina ta, aka gama a 2005, sai suka sa tsofaffin duwatsun da suka yi baƙi a tsakanin sababbi. Mai ido ya duba bango ya san an taɓa yin wuta.

To, mu nan ba mu yi gurguzu ba, amma mun yi En'e, wadda gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshenta. A ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, da maƙwabtanmu na Babura, ka zauna da dattawa ka ji: wani zai ce lokacin ne ake da tsari da kunya, wani kuwa, musamman in gidan 'yan NEPU ne, haraji da jangali da bulalar ɗan doka zai tuna maka. Dukansu gaskiya suke faɗa. In ana zancen adana tarihi, kowa ƙofar fada da labarin Ɗantunku yake kawowa, kuma sun cancanta. Amma tsohon kotun alkali fa, da baitulmali, da gidan yari? Waɗannan su muke bari damina ta ci, ko a yanka filinsu a yi kantuna, alhali a nan ne talaka ya fi haɗuwa da hukuma. Shawarata ga Ƙungiya, hutu mai zuwa kowa ya ɗauki hoton irin waɗannan gine-gine na garinsu, ya rubuta abin da tsofaffin ɓangarorin biyu za su ce a kansu.