Haƙƙoƙin Da Ke Cikin Sayen Gida

Babu wata hidima ta dukiya da magidanci yake yi a rayuwarsa wadda ta kai sayen gida nauyi, domin kuwa abin da ya daɗe yana tarawa, da kuɗin gonar da ya sayar, wani sa'in har da zinaren uwargida, duka yake haɗawa ya danƙa wa wani a zama guda. Amma duk da haka galibin tambayoyin da yake yi wa dillali ba su wuce yawan ɗakuna, da ƙwarin gini, da kusancin kwalta ba. Waɗannan tambayoyi ba laifi ba ne, illa dai akwai wadda ta riga su: mene ne haƙiƙanin abin da mutum yake saye idan ya sayi gida? A ganina bulo da kwano su ne mafi ƙarancin abin da ke cikin cinikin, mafi yawansa haƙƙoƙin mutane ne, waɗansu ya san su, waɗansu bai taɓa ganinsu ba, waɗansu ma ba a haife su ba tukuna, kuma dukansu suna hawa wuyansa tun daga lokacin da aka ce masa Allah Ya sa albarka.

Ita ƙasa, malamai sun daɗe suna karantar da cewa mulkinta na Allah ne, ɗan Adam kuwa amana ce aka ba shi zuwa wani ajali. Har dokar boko ba ta ba shi fiye da haka ba, don kuwa dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ta Nijeriya a hannun gwamna, takardar da mai gida yake adanawa a ƙasan akwati kuma izinin zama take shaidawa, galibi na shekara 99. Wanda shari'a da doka suka haɗu a kan cewa mai riƙo ne, ya kamata ya fara da binciken hannun da zai karɓi riƙon daga gare shi.

A nan ne mafi yawan masu saye suke zamewa, musamman a gidajen gado na cikin birni. Mai gida ya rasu, an yi sadakar arba'in, ba a yi rabo ba. Babban wa ya riƙe takardu, bayan shekaru talauci ya matsa masa, ya kira dillali. Akwai ƙanwarsa da ke aure a wani gari, wadda kunya ta hana ta buɗe baki ta nemi rabonta. Akwai 'ya'yan ƙanensa, wanda ya rasu bayan mai gidan, marayu ƙanana da ba su san suna da ko taki ɗaya a gidan ba. Mai saye ya ga araha, ya biya la'ada, ya yi fenti, ya tare, alhali kuwa wani sashe na ɗakin da zai yi salla a ciki haƙƙin maraya ne. Ya isa wa'azi a tuna cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka Madina a shekarar 622, filin da ya zaɓa don masallacinsa na waɗansu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, waɗanda suka so su ba shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da ciniki. In har ɗakin Allah bai halatta wa kansa ƙasar maraya ba sai da biya, ina ga gidan wane?

Fikihun Malikiyya bai bar wannan babi a buɗe ba. Waliyyi ba ya sayar da gidan maraya sai da larura ko maslaha bayyananna. Kuma idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason, haƙƙin da Risalar Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa yana faɗuwa daga wanda ke nan bayan shekara guda, amma ba ya faɗuwa daga wanda ba ya nan kome daɗewar tafiyarsa. Saboda haka mai hankali ba ya wadatuwa da rantsuwar dillali. Sai ya je wurin mai unguwa, ya tambayi dattawan layin magada nawa mamacin ya bari, ya nemi takardar rabon gado daga alƙali, ya kuma ji yardar matan da kunnensa.

Bayan haƙƙin masu sayarwa sai na maƙwabta. Kowa ya san shawarar magabata cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma hanyar nemansa a fili take: mutum ya yi sallar asuba a masallacin unguwar, ya zauna a majalisarta bayan la'asar, ya komo da damina ya ga inda ruwan kwata yake kwanciya, don sau da yawa gidan da ya yi kyau da rani a kan tsohon kududdufi aka gina shi. Sai dai kaɗan ne suke juya tambayar su ce, ni wane irin maƙwabci zan zama? Ga mai wadata ya sayi gidan ƙasa tsakanin talakawa, ya rushe ya ta da bene, tagoginsa suna leƙen tsakar gidan da mata suke daka da wanki ba mayafi, indararonsa yana zuba a gindin katangar wani, injin wutarsa yana hana jariri barci. Malamanmu sun hukunta toshe irin wannan taga, domin cutarwa ba ta zama halal don kawai an yi ta a cikin mallaka.

Iyali kuma, su da za su wuni a gidan alhali shi yana kasuwa, sun fi kowa cancantar a yi shawara da su. Magabatanmu da suka tsara zaure da shigifa kafin a kai tsakar gida sutura suka gina, ta yadda baƙo zai sami girmamawa, matar gida ta sami sakewa. Mai saye ya duba ko akwai inda zai raba wa yara maza da mata makwanci idan sun tasa, ko mai mace fiye da ɗaya zai iya adalci a ɗakunan, ko rijiya da makaranta da asibiti suna kusa. Kuma ya auna ko nisan sabuwar unguwa zai yanke shi daga gaida mahaifiyarsa, don yalwar fili ba ta rama yankewar zumunci.

Game da kuɗi magana gajera ce: kada riba ta shiga harsashin, kada kuma riya ta sa shi cin bashin da zai hana iyalinsa cefane don a ce wane ya tare a unguwar manya. Gidan haya da kwanciyar rai ba abin kunya ba ne.

Saura haƙƙin waɗanda za su gaje shi, wanda shi ne aka fi mantawa, don ba mai son tuna kabari ranar tarewa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma hikimarta ta shafi wannan ciniki. Ya rubuta iyakokin gidan, da abin da ya rage ba a biya ba, da kuɗin da matarsa ko ɗan'uwansa suka zuba, ko rance ne, ko kyauta, ko tarayya, ya sa adilai su shaida. In bai yi ba, 'ya'yan da ya sayi gidan dominsu su ne za su tsaya gaban alƙali suna ƙaryata juna. Wanda ya sauke waɗannan haƙƙoƙi, ko ɗaki biyu ya saya, ya yi ciniki mai albarka. Allah Ya sa mu dace.