Shaidar da Ake Yi wa Mai Shanu

A ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, idan dattijo mai shanu ya cika da asuba ba a ɓata lokaci. Kafin hantsi an yi masa wanka da sutura, an aro makara daga masallacin gari mafi kusa. Jama'a su yi sahu a filin ruga, maruƙa na ɗaure a dangwali suna kuka domin ranar an makara wajen tatsa. Kafin liman ya ta da kabbara, babban ɗa ko ƙanen mamaci zai ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko mai ajiya a hannunsa, ya zo ya same su. Sai a ji daga bayan sahu ana cewa, "Mun yafe masa, mu ma Allah ya yafe mana." Wani lokaci kuma manomi maƙwabci ya ƙara da cewa, "Tunda muke, shanunsa ba su taɓa shiga gonata ba face ya zo da ƙafarsa ya faɗa mini."

Iyakar tarihin da za a yi masa ke nan. Waɗannan garuruwa uku sun ba Zamfara gwamnoni uku: Ahmad Sani Yarima na Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara a 2011, Bello Matawalle na Maradun a 2019, kuma labarinsu na nan a jarida da rediyo, mai daɗi da marar daɗi. Shi kuwa mutumin da ya yi shekara sittin yana bin garke bai bar littafi ba, bai bar bene ba, dukiyarsa ma da ƙafa take tafiya, ana iya kore ta a dare ɗaya. To, me ya rage nasa da za a tuna shi da shi?

Musulunci bai raina irin wannan shaida ta bakin kabari ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da wata gawa, sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata. Aka wuce da wata, suka ambace ta da sharri, ya sake cewa ta tabbata. Da aka tambaye shi, ya bayyana cewa Aljanna ce ta tabbata ga ta farko, wuta ga ta biyu, domin muminai su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Wannan magana mai nauyi ce, kuma tana da abin tsoro, don a ƙasar Hausa kowa ya mutu ya zama mutumin kirki. Gaskiya ne an hana zagin matattu, amma ba a ce a yi musu yabon ƙarya ba. Shi ya sa ake duba bakin da shaidar ta fito. Yabon ɗa ga uba ko na mata ga miji abin so ne, sai dai wanda ya fi ƙarfi shi ne na mutumin da yake da dalilin ƙorafi amma bai samu abin faɗa ba. Ga makiyayi, wannan mutumin shi ne manomi.

Rigimar gona da dabba ta girmi Zamfara. Tana cikin Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, inda tumakin wasu mutane suka faɗa wata gona da dare, Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu suka yi hukunci. Masu tafsiri sun ce Dawuda ya ba mai gona tumakin, Sulaimanu kuwa ya ga ya fi kyau mai gona ya riƙe su yana amfana da nono da gashinsu, mai tumaki ya gyara gonar har ta dawo yadda take, sannan kowa ya karɓi nasa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai shari'ar raƙumar Bara'u ɗan Azib, inda aka ɗora wa masu gona tsaron rana, aka ɗora wa masu dabbobi biyan ɓarnar dare. Dattijon ruga ko bai karanta waɗannan ba, ya rayu a kansu. Idan yaro ya yi gyangyaɗi shanu suka ci dawar wani, washegari uban ne zai sa hularsa ya tafi wurin mai gari tare da ardo, a je gona a duba, a ƙiyasta dami nawa, ya biya da hatsi ko ya sayar da tunkiya. Bayan kaka kuma wannan manomin ne zai kira shi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, matan gidajen biyu suna musayar nono da gero.

Akwai kuma amana. Cikin garken da ake kira nasa, wataƙila kashi ɗaya cikin uku na wasu ne: bijimin wani ɗan kasuwa a Mafara, karsanar wata gwauruwa da ta sayar da gyaɗarta, saniyar da aka ba wani maraya. Babu takarda, babu sa hannu. Shi ya san wace ta haifi wace, wace ta mutu a bazara, wace kura ta ci, kuma idan ya ce ta mutu an yarda. Haka zakka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman yankin, ta ce shanu 30 ana fitar da maraƙi, 40 ana fitar da saniya, tumaki ko awaki 40 ana fitar da ɗaya. Ba wanda ke ƙirga garken mutum a daji sai shi da Ubangijinsa, kuma duk mai kiwo ya san zafin zare lafiyayyiyar dabba daga cikin 'yan uwanta. Ba mamaki da Buhari ya ruwaito cewa babu annabin da bai yi kiwo ba, kuma Manzon Allah da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwo a kan lada kaɗan.

Wanda ya mutu da shekara saba'in ko tamanin a wannan yanki ya ga ƙasa tana ƙanƙancewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Tun kafin a haife shi ma ana matsa wa mai shanu: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara har ya zauna a Faru, ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙi, Turawa kuma suka zo suka ci gaba da karɓa. A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Ruwa ya tashi mutane wajen 13,000, ambaliyar da ke jiƙa fadamu a ƙasan madatsar ta ragu, wuraren kiwon rani suka koma filin shinkafa. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Burtali da mashaya kuwa a hankali aka cinye su. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Talata Mafara saboda satar saniya. Shekara ashirin bayan haka, garke guda ake korewa da rana tsaka ba mai cewa uffan. A 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, aka kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi ta katse layukan waya.

Tsakanin wutaye biyu dattijon ya ƙare rayuwarsa. Ɓarayin daji sun kore masa shanu ko sun sa masa kuɗin fansa, a gari kuma ana yi masa kallon ɗan uwansu saboda kamanninsa da harshensa. An kashe irinsa a hanyar kasuwa ba tare da an tambayi sunansa ba. Wasu sun gudu zuwa Neja ko Kwara ko Nijar, can aka binne su cikin mutanen da ba su san komai game da su ba, babu manomin da zai tsaya ya yi musu shaida.

Tambayar da ta fi ciwo ita ce ta 'ya'ya. Akwai gidajen da uba ya mutu da carbi a hannu, ɗa kuwa yana daji da bindiga. Shin laifin ɗan yana goge shaidar uban? Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma ɗan Annabi Nuhu ya ƙi shiga jirgi ba tare da an rage wa mahaifinsa daraja ba. Amma hadisi ya ce magidanci makiyayi ne a kan iyalinsa, za a kuma tambaye shi. Wanda ya san ɗansa ya kawo saniyar da ba ta gida ba ya yi shiru ya sha nononta, bai da abin kare kansa. Wanda kuwa ya tsawata, ya mayar da abin sata, ya ƙi cin kuɗin haram har ɗan ya yi masa barazana, ya sauke nasa nauyin, kuma irinsu suna nan da yawa, jama'ar ƙauyukan sun san su. Zalunci ne a binne irin wannan mutum a yi shiru don gudun kada a ce ana goyon bayan ɓarayi.

Malamai na iya ci gaba da saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, amma babu mai jayayya a kan biyan bashin mamaci, da mayar da amanar da ke hannunsa kafin rabon gado, da yi masa addu'a, da faɗin alherinsa idan an san shi. Limamai da masu gari da ardo-ardo na ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, idan irin wannan dattijo ya rasu ku je jana'izarsa ko da rugar na da nisa. Manomin da ya san shanunsa ba su cuce shi ba ya faɗa da ƙarfi a gaban 'ya'yan marigayin da jikokinsa, su ji da kunnensu.