Me Kake Nema a Littafin Kakanninka?

Kowace shekara mutane daga Amurka, Kanada da Ostiraliya sukan tafi tsibirin Ayalan, ƙasar da limaman Katolika da yawa suka fito suka yi hidima a Jos da Kaduna, domin neman ƙauyen da wani kakansu ya bari tun da daɗewa. Ƙaunataccen mai karatu, ina so mu bi sawunsu, gama tafiyarsu tana ta da tambayar da ta shafe mu duka: me mutum yake gada daga waɗanda suka haife shi, darajarsu ce, laifinsu ne, ko kuwa wani abu dabam?

A ƙidayar 1841 mutanen Ayalan sun haura miliyan 8. A 1845 wata cuta ta fāɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka safe da yamma, ta ruɓar da shi tun yana ƙasa. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu da yunwa da zazzaɓi, fiye da miliyan 1 kuma suka haye teku. A tsibirin Grosse Île na Kanada, inda ake tsare jiragen marasa lafiya, an binne mutum fiye da 5,000 a shekarar 1847 kaɗai.

A cikin waɗanda suka tashi akwai Patrick Kenedi, ɗan manomi daga Dunganstown a gundumar Wexford. A 1849 yana Bostan, yana sana'ar haɗa gangunan katako, ya kuma auri Bridget Murphy. Ya rasu a 1858, ya bar ta da ƙananan 'ya'ya huɗu. Matar nan ta yi aikatau, daga baya ta riƙe ɗan kanti, da haka ta goye su. Ɗanta P. J. ya haifi Joseph, Joseph ya haifi John, wanda ya zama shugaban Amurka a 1961, ya kuma ziyarci gonar kakanninsa a watan Yuni na 1963. Duniya ta san John. Amma ka lura, da gwauruwar nan ta karaya, da zaren ya tsinke tun a tsara ta biyu.

Irin wannan labari mai neman asali yake fatan samu, sai dai yawanci shiru yake tararwa. A ranar 30 ga Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasa, gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dabilin, mafi yawan takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka zama toka. Ba a fara rubuta haihuwa da mutuwar kowa da kowa ba sai 1864. Don haka mai bincike yakan jingina da ƙidayar 1901 da ta 1911, da lissafin masu riƙe da gonaki da Richard Griffith ya shugabanta, da littattafan baftisma na Ikkilisiya. Sau da yawa zancen yakan ƙare a layi ɗaya: sunan jariri, sunan iyaye, sunan ƙauye.

Wani kuwa ba shiru yake samu ba, abin kunya yake tonowa. Yana iya tarar cewa kakansa wakilin mai ƙasa ne da ya kware rufin ɗakunan talakawa saboda bashin haya. Wani ya iske nasa yana cikin waɗanda aka yi wa gori tsara bayan tsara, wai sun sauya ɗarika saboda kwanon miya, domin akwai masu wa'azin da suka ɗaura abinci da sharaɗin sauya sheƙa, abin da ya kamata ya sa kowane mai shelar Bishara ya sunkuyar da kai. A watan Yuli na 1863 kuma, a tarzomar birnin Niyu Yok, leburori 'yan Ayalan da yawa suna cikin waɗanda suka far wa baƙar fata, har aka ƙone gidan marayunsu. Wanda aka zalunta jiya yana iya zama azzalumi yau.

To, yaya mai bi zai yi da irin wannan gado? Jarabar farko ita ce a sassabe bishiyar, a bar reshen da ke da inuwa, a ɓoye mai ƙaya. Littafi Mai Tsarki bai yi haka ba. Matiyu, da ya jera kakannin Yesu Almasihu, ya sa Tamar da Rahab, ya sa Rut mutuniyar Mowab wadda yunwa ce ta kai dangin mijinta ƙasarsu, ya kuma tuna mana cewa uwar Sulemanu matar Uriya ce a dā. Ubangiji bai ji kunyar shiga duniya ta irin wannan gida ba. Idan haka ne, wane dalili gare ka na yi wa naka kwaskwarima?

Jaraba ta biyu ita ce fahariya. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, akwai kuwa gaskiya a ciki, gama tarbiyya tana bin gida. Amma Yahaya Mai Baftisma ya gargaɗi masu tutiya da Ibrahim cewa jini ba ya tsayawa a madadin tuba, annabi Ezekiyel kuma, a sura 18, ya nuna cewa kowa zai amsa nasa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Adalcin kaka ba zai cece ka ba, zunubinsa kuma ba zai kāshe ka ba, sai in ka ɗauke shi ka ci gaba da aikatawa.

Abin da ya rage maka, a ganina, bashi ne iri biyu. Na ɗaya godiya: wani ya kwana da yunwa, wata ta wanke tufafin mutane, kafin kai ka ga haske. Na biyu gyara: in gidanku ya taɓa cutar wani gida, faɗin gaskiya da neman sulhu suna hannunka. Mutanen Ayalan sun nuna wannan bashin godiya a 2020, sa'ad da suka tara gudummawa mai yawa ga ƙabilun Navajo da Hopi a lokacin annobar korona, suna tuna kuɗin da ƙabilar Choctaw ta aika wa kakanninsu a 1847, alhali ita kanta ba ta daɗe da korarta daga ƙasarta ba.

Waɗanda gobara ta shafe sunayensu kuwa, da waɗanda aka zuba a rami ɗaya ba alama, ba su ɓace wa Allah ba. Littafinsa ba ya cin wuta. Ka tambayi dattawan gidanku tun suna da numfashi, ka rubuta abin da suka faɗa, mai daɗi da mai ɗaci. Ka kuma tuna cewa wata rana jikanka zai zo kan sunanka.

Ya Ubangiji, Allah na kakanninmu, ka ba mu zuciyar godiya da ƙarfin faɗin gaskiya, ka sa sunayenmu su kasance a littafin rai, ta wurin Yesu Almasihu. Amin.