Alheri ko Rufin Asiri?

A wani taron masana a Mubi na ga matasa huɗu, ɗayansu ɗan Mugulbu, sun ɗauki wata malama tare da kekenta na guragu, sun hau da ita matakala zuwa zauren. Ba wanda ya biya su. Jama'a suka yaba, ni ma haka. Malamar kuwa ta gyara zanenta, ta sunkuyar da kai. Ita ce mai gabatar da takarda, amma an shigo da ita kamar kaya.

Na tuna da mutum huɗun nan na Markus sura 2, da suka buɗe rufin gida a Kafarnahum don shanyayye. Cunkoson jama'a ne ya tare su, abin rana ɗaya. Matakala kuwa wani ne ya zana ta, wani ya amince. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a 2024.

To, idan 'ya'yanmu suna ɗauka kullum, ba rufa wa masu ginin asiri suke yi ba? Ban ce su bar ɗauka ba, Allah ya kiyaye. Amma iyaye, ku gaya wa mai aikin sa kai ya je wurin masu shirya taro tun da wuri, ya nemi zaure a ƙasa da mai fassara wa kurame. Kafin ya taɓa keken, ya tambayi mai shi.