Kada Koren Ganye Ya Ruɗe Ka

Ɗana, na ga zogalen da ka shuka a bayan ɗaki, ƙarƙashin dogon yaro, na kuma ga ledar takin yuriya kusa da randa. Ganye ya yi kore shar, kana ta murna. Zauna mu yi magana.

Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, shi ya sa take tayar da ganye cikin 'yan kwanaki. Sai dai saiwa ɗanyen abinci take aikawa sama. Yawancinsa yana hawa ne a matsayin naitiret, ganye kuma sai da hasken rana yake iya mai da shi furotin. Rana ce murhunsa. In taki ya yi yawa, haske ya yi kaɗan, naitiret ɗin taruwa yake yi a ganye ba a sarrafa shi ba, kuma shi za a kwaɗa wa mai jego da sunan ƙarin lafiya. Haka shuwaka da ɗaɗɗoya: in aka cika musu taki, sau da yawa ƙarfinsu a tsawo yake ƙarewa, ɗaci da ƙamshin da ake nemansu dominsa su ragu. Murza ganye ɗaya ka shinshina, hancinka zai gaya maka.

Ranar da ka bi hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka tsaya a fadamar Kwalkwalawa ka dubi fangalin masu lambu. A fili fetal suke, ba wanda ya kai nasa gindin mangwaro.

To, ka mai da shukarka inda rana take wuni. Ka ba ta ruɓaɓɓen kashin tumaki ko na shanu, wanda yake sakin abincinsa sannu a hankali. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi. In lalle sai ka sa yuriya, ɗan kaɗan ya isa, ka binne ka ba da ruwa nan take. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da yakan haura maki 40, wadda aka barbaɗa a sama iska ce take kwashe rabonta, kuɗinka ya bi ta.

Tsinka kuma ka bari sai bayan la'asar, lokacin da ganye ya wuni yana aiki, musamman kwanakin hazo.

Inuwar dogon yaron nan kada ka sare ta. In ka tsinko ganyen, can za ka shimfiɗa tabarma ka shanya shi, don rana tana cinye bitamin ɗin ganyen da ya rabu da reshe.