Sauti Ɗaya, Niyya Uku: Zurfin Bincike a Harshen Japananci

Duk wanda ya zauna a jami'a ya san kalmar bincike, domin ita ce abincinmu na yau da kullum. Sai dai ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu ba: idan mun ce a zurfafa bincike, me muke so mu tarar a ƙarshen ramin?

Japanawa suna kiran binciken ilimi kenkyu. Da alamomi biyu na rubutun da suka aro daga Sin ake rubuta ta. Ta farko tana nufin wasa abu a kan dutse, kamar yadda ake wasa wuƙa. Ta biyu kuwa tana ɗauke da alamar rami a kanta, ma'anarta a bi abu har ƙuryarsa. Amma kalmar da ta fi jan hankalinmu ita ce tsuikyu. A kunne ɗaya ce, a rubuce kuwa uku ce. Dukkansu sun fara da alamar bin sawu, kusan abin da Bahaushe ke nufi da bin diddigi. Alama ta biyu ce ke rarrabe su. Da wata alamar, ana nufin neman abin da rai ke so, kamar riba ko jin daɗi. Da wata, ana nufin tono gaskiyar al'amari. Da ta ukun, ana nufin tsare mai laifi da tambaya har sai ya amsa. Mai magana yana iya fakewa a bayan sauti, amma mai rubutu dole ya bayyana niyyarsa.

Abin tambaya shi ne, ko waɗannan niyyoyi suna rabuwa a rayuwa kamar yadda suka rabu a takarda? Labarin garin Minamata, a kudancin Japan, ya sa muna shakka.

A ranar 1 ga Mayu, 1956, Dokta Hajime Hosokawa, shugaban asibitin kamfanin sinadarai na Chisso, ya sanar da hukumar lafiya ɓullar wata baƙuwar cuta mai taɓa jijiyoyi. Masu ita sukan kasa tafiya daidai, magana ta sarƙe, gani ya ƙuntata. Yawancinsu iyalan masunta ne. A 1959 masana na Jami'ar Kumamoto suka ɗora alhakin a kan gubar zaiba da ta shiga kifi. A shekarar ce kuma Hosokawa ya riƙa zuba ruwan dattin masana'antar a abincin kyanwowi, har kyanwa mai lamba 400 ta kamu da irin cutar. Ya kai wa shugabanninsa sakamakon, aka ɓoye shi, aka kuma hana shi ci gaba da gwajin. A ƙarshen wannan shekara kamfanin ya ba marasa lafiya ɗan kuɗin jaje, bisa sharaɗin ba za su sake neman diyya ba ko da an gano daga baya cewa masana'antar ce sila.

A nan niyyoyin uku suka yi karo. Likitan ya tono gaskiya, kamfanin yana neman riba, masunta kuwa ba su da hujjar da za su tsare kowa da ita, domin hujjar tana kulle a littafin likita. Sai 1968 gwamnati ta amince a hukumance cewa dattin kamfanin ne ya jawo cutar, kuma har zuwa shekarar zaiba na kwarara cikin teku.

Wani zai ce aikin masani shi ne gano gaskiya, hukunci na alƙali ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don mun sha ganin kwamitin da aka kafa da sunan bincike alhali tun kafin ya zauna an riga an zaɓi wanda za a kama. Ba kuma za mu yi saurin jifan Hosokawa ba; albashinsa da na mutane da yawa a garin daga kamfanin yake fitowa. Amma a ganinmu binciken da ya tsaya cak a daidai inda sunan mai laifi ya fara bayyana bai kai ƙuryar ramin ba, komai kyan gwajin da aka yi. Shirun shekarun nan an biya shi da jarirai da aka haifa da cutar.

A 1970, yana kwance a asibiti da ciwon daji na huhu, Hosokawa ya ba da shaida a kan kyanwa mai lamba 400. Ya rasu a watan Oktoba na shekarar. A 1973 kotun Kumamoto ta ba marasa lafiya gaskiya, ta kuma soke waccan yarjejeniya ta kuɗin jaje.